Ƙwallayen Dabino Sha Biyu

Na zo Mai Wurno da jaka da takardar shaida,
da littafin da ya ce a juya majinyaci
duk bayan awa biyu.
Littafin bai faɗi wa zai tashi ba.
Bai san gidan da babu agogo ba.

Gida na huɗu daga bakin kogi,
Baba Maikano, shekara uku kan angarib,
ɓarin dama ya shanye
tun daminar da ruwa ya ci gonarsa.
Na ɗaga shi ina neman abin da na saba gani,
gyambon kwanciya a ƙugu, a diddige, a kafaɗa.
Fata lafiya lau.
Na sake dubawa, har na ji kunyar nacina.

Ƙanwarsa Tasalla tana soya gahawar jabana,
ko ɗagowa ba ta yi ba.
Da haɓa ta nuna mini taga:
finjali biyu, ɗaya da tsaga,
da ƙwallayen dabino sha biyu.
"In na juya shi, ɗaya ya ƙaura.
In na tafi kasuwa, jikata ta leƙa
ta ga inda na tsaya. Babu gardama."
Da rana inuwar darbejiya ce agogonta.
Da dare fa? Ta yi dariya:
"Fitsarin tsufa ke tashe ni, 'yar nan.
Komai da ranarsa."

Na rubuta.
Na kai finjali gida goma sha ɗaya,
na bi su wata shida da ma'auni da alƙalami.
Bakwai suka riƙe.
A gida guda yara sun yi dara da ƙwallayen.
A wani, mutuwa ta riga ni kammala ƙidaya.
Na ƙarshen unguwa, Barira ta ce da dare ba a gani,
ta sauya finjali da gwangwanin madara
don ƙarar ta shaida wa na ɗaki.
Wannan ma na rubuta, da sunanta.

Akwai gidan da finjali ke cika kullum,
bayan tsohuwa kuwa yana wari.
Ƙwallo na ƙaura, ita ba ta ƙaura.
Na daɗe riƙe da alƙalami.
Sannan na sa shi a shafin da kowa zai gani.

A taron Sinnar wuta ta ɗauke
ina kan jimla ta biyu.
Sai na fito da finjalan na aza kan tebur.
Wani likita ya gyara tabarau:
"Gida sha ɗaya ai ba adadi ba ne."
Gaskiya ya faɗa.
Wata daga Singa ta ce tana da gida tara,
wata daga Gadarif ta rubuta lambata a tafin hannu,
ta ce su tsakuwa za su gwada,
dabino ya yi tsada.

A saman takarda na sa sunan Tasalla kafin nawa.
Na karanta mata da Larabci,
na mayar mata da Hausa.
Ta saurara kamar labarin garin da ba ta taɓa zuwa ba.
"Tsohuwar can ta gidan finjalin ƙarya,
ta warke?"
Na ce tukuna.
Ta ja mayafi, ta ɗauki kwalbar man riɗi.
"Ki riƙe mini shi. Saura biyu kafin magariba."

Na zauna.
Inuwa ta rarrafo ta taɓa gindin tulu.
Na sa hannu ƙarƙashin kafaɗarsa,
ya ce, "A hankali, ba haka take yi ba."
Ya nuna mini.
Ƙwallo ya faɗa finjali mai tsaga,
ƙas.